Jirgin Dubai Mara Direba: Ni Dai Na Sallama Masa

Duk wanda ya dawo daga Dubai akwai abin da yake cika wa mutane kunne da shi. Wani Burj Khalifa ne, wani kasuwar gwal, wani kuma ƙanƙarar nan da ake zamiya a kanta cikin kanti alhali a waje rana na ƙona ƙafa. Ni nawa jirgin ƙasan cikin gari ne, wanda kowa a can yake kira Metro. In aka ce in zaɓi abu ɗaya tak a garin in yi masa tafi har tafin hannuna ya yi ja, shi zan zaɓa, ba tare da na tsaya shawara ba. Abokan sarina har tsiya suke yi mini, wai an biya ni. Ba wanda ya ba ni ko sisi. Ni ne ma nake biya, dirhami 3, ko 5, ko 7.5, kuma duk sanda na fito daga tasha sai in ji ni ne na ci riba a cinikin.

Abin da ya sace mini zuciya ba ƙyalƙyali ba ne, ko da yake ƙyalƙyalin yana nan kuma zan zo kansa. Cika alkawari ne. Jirgin nan yana sa mutum ya zama mai gaskiya ko bai yi niyya ba. Ka ce wa mai shago a Bur Dubai, "Ina nan tafe nan da minti ashirin," kuma wallahi minti ashirin ɗin za ka iso, ba irin ashirin ɗin da ake faɗa ana kwance a gado ba. A tasha ba wanda yake tambayar ƙarfe nawa jirgi zai tashi. Akwai allo a sama yana nuna minti nawa suka rage, kuma a lokacin hada-hada kafin ka gama duba saƙon da ya shigo wayarka wani ya iso. Idan wannan ya wuce ka, kada ka yi gudu, kada ka yi tsaki. Na bayansa yana hanya. Hukumar hanyoyi da sufuri ta garin, RTA, tana cewa jiragen suna zuwa a kan kari kashi 99.7 cikin 100. Ni ban riƙe agogon gwaji ba, amma jikina ya gaya mini lissafin nan ba ƙarya a cikinsa.

Sai ka shiga tasi da yamma sannan za ka san darajar abin. Titin Sheikh Zayed, duk faɗinsa, yana cushewa. Hanyar da ke fita Sharjah kuwa, bayan an tashi daga aiki, sai dai haƙuri: mita tana ta lissafi, ga kuɗin Salik da ake cirewa in an wuce ƙarƙashin ƙofar haraji, kai kana zaune kana kallon bayan motar gabanka. A daidai wannan lokacin ka ɗaga kai, za ka ga jirgi mai launin shuɗi ya sulale ta saman gada ya wuce ku duka. Ya sake zuwa ya wuce. Ya kuma sake. Ranar da mutum ya ƙirga jirage nawa suka wuce shi yana cikin gosulo, ranar yake tuba.

Ga kuma babban abin: ba direba. Ko ɗaya. Babu wani ɗan ɗaki a gaba da mutum zai zauna yana murza wani abu. Inda ya kamata direba ya kasance taga ce ta gilashi, fasinja ke tsayawa a wurin. Kwamfuta ce take ja, take taka birki, take buɗe ƙofa, kuma kowane jirgi yana sanar da cibiyar kula inda yake da irin gudun da yake yi, ita kuma tana tsare tazarar da ke tsakaninsa da na gabansa. Shi ya sa ake iya jero su kusa da kusa ba fargaba. Wutar da ke tafiyar da shi ba ta sama take zuwa ba, wani dogo ne na uku a gefen layin yake ɗauke da ita, don haka babu tarkacen wayoyi da za su tare maka kallo. Taragai biyar ne kowane jirgi. Na farkon kamfanin Kinki Sharyo na Japan ne ya ƙera su, sababbin kuma Alstom na Faransa.

Na taɓa raka wani dattijo abokin mahaifina, tsohon ɗan kasuwa wanda ya san Dubai tun ba a yi mafarkin dogo ba, amma bai taɓa yarda ya shiga ba. Muka tsaya a gaba. Jirgi ya tashi. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya leƙa bayan wani Bafilipine da ke jingine da gilashi, sannan ya juyo gare ni.

"Kai yaro, ina mai tuƙin?"

Na ce, "Baba Alhaji, ai babu."

"Babu kamar yaya? Ya fita sallah ne?"

"Dama can ba a ɗauke shi aiki ba, Baba."

Ya yi salati a hankali, ya damƙe sandar ƙarfe da hannu biyu. Ba mu yi tasha uku ba ya saki hannu ɗaya ya zaro waya yana ɗaukar bidiyo zai tura wa Hajiya. Da muka sauka cewa ya yi, "Gobe ma nan za mu biyo." Gani ya kori ji.

Yadda yake tsayawa ma abin a zauna a kalla ne. Kowace tasha akwai bangon gilashi tsakanin fasinja da dogo, da ƙofofi a jiki. Jirgi zai zo ya rage gudu ya tsaya ƙofarsa daidai da ƙofar bangon, ba gaba ba baya, su buɗe tare. Yaro ba zai faɗa kan layi ba, iska ba za ta kwashe maka hula ta jefa ƙasa ba, sannan sanyin da ke cikin tasha ba ya tserewa waje. Wannan sanyin, jama'a! Wanda bai taka Deira a watan Yuli ko Agusta ba ba zai gane ba. Zafi yana haura digiri 40, ga gumin teku da ke manna riga a jiki tun kafin ka yi taku goma. Ka ja ƙafa ka isa bakin tasha, ƙofa ta buɗe da kanta, sanyi ya doke ka, kamar ka tsoma kanka cikin sabuwar randa. Daga nan kuma ba za ka sake haɗuwa da rana ba sai ka ga dama. Matattakalar lantarki ta ɗauke ka, gadar da ke tsallaka titi a rufe take da esi, jirgi da esi. A tashar Burj Khalifa akwai wata doguwar gada mai tsawon mita 820 da ke kai ka har cikin Dubai Mall, da shimfiɗar da ke tafiya da kai kana tsaye. Wasu suna ƙorafin ta yi tsawo. Su fita su taka ta waje da azahar, su dawo mu yi magana.

Amma bari in sauko kan hanyar da ta fi shafar mutanenmu, masu zuwa sarin abaya da turare da gwal da wayoyi da kayan ɗaki. Layuka biyu ne a yanzu, Jan Layi da Koren Layi. Jan Layi yana da tasha a Terminal 1 da Terminal 3 na filin jirgin sama, wato kana fitowa da akwatinka, kana hawa lif, kana cikin jirgi. An yarda ka shiga da jaka biyu, babba ɗaya da ƙarama ɗaya; dilolin kaya kuwa aikin 'yan kago ne, kada ma ka fara. Daga filin jirgi tasha kaɗan ne: ka wuce City Centre Deira, ka wuce Al Rigga, sai Union. Nan ne mahaɗa. Union tasha ce ta ƙarƙashin ƙasa mai girman gaske, mutane na kwarara ta kowace kusurwa, amma alamomin suna da kyau har wanda ba ya jin Larabci ko Turanci zai bi launi kawai ya kai kansa. Ka bi kore, tasha ɗaya, ga ka a Baniyas Square. Ka hau sama, ka shaƙi ƙamshin turaren wuta da na shawarma, ka ji wani yana waya da Hausa a bayanka. Ka iso Naif ke nan, unguwar masaukai da shagunan waya da ofisoshin kago.

In gwal ne ya kawo Hajiya, tasha ta gaba ce, sunanta ma Gold Souq. Ta gabanta Al Ras, kusa da kasuwar kayan yaji. Daga Al Ras jirgi yake nutsewa ta ƙarƙashin ruwan Creek ya ɓulla a Al Ghubaiba, ɓangaren Bur Dubai, inda kasuwar yadi take da tashar motocin Abu Dhabi. Kana zaune ba ka ji komai ba, alhali jiragen ruwa na katako masu kai kaya Iran da Somaliya suna shawagi a saman kanka. Waɗannan tashoshi biyu, Al Ras da Al Ghubaiba, an gina su da siffar tsofaffin gidajen garin, masu hasumiyar kama iska, ba irin rufin tashoshin sama ba mai kama da ƙwaryar kawar da kakanninsu suke nutso su ciro lu'ulu'u a cikinta. A nan kaɗai nake ɗan cin amanar jirgina: in da marece ne kuma iska na kaɗawa, nakan bar shi in ba mai kwalekwalen abra dirhami ɗaya ya tsallakar da ni ta sama. Jirgin ba ya kishi.

Biyan kuɗi da kati ne, sunansa Nol. Akwai jan tikiti na baƙon da ba zai daɗe ba, akwai na azurfa wanda shi nake ba kowa shawara, akwai na zinare. Ka ɗora a kan ƙofa in za ka shiga, ka ɗora in za ka fita, na'ura ta cire gwargwadon shiyyoyin da ka ratsa. Babu "ba ni da canji", babu ciniki, babu kuɗin baƙo daban na ɗan gari daban. Katin nan dai shi ne na bas, shi ne na taram ɗin Marina, kuma in ka sauka daga jirgi ka shiga bas cikin minti 30 tafiya ɗaya ake lissafa maka. Mafi tsadar tafiya da katin azurfa dirhami 7.5 ce, ko da daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan ne. Je ka tambayi mai tasi nawa zai kai ka Jebel Ali daga Deira, ka ji abin da zai sa ka zauna.

Yanzu ga wurin da nake so kowa ya ajiye waya ya buɗe ido. Ka shiga Jan Layi daga Union ka nufi kudu. Za ka bi ta BurJuman, mahaɗa ta biyu, wadda aka yi wa ado da shuɗin ruwa da manyan fitilu masu reto daga sama. Tashoshin an raba musu ado ne tsakanin ƙasa da ruwa da iska da wuta, ita ruwa ta samu. Kana barin BurJuman sai ka ji jirgi ya fara hawa. Duhun rami ya yaye, haske ya cika tarago, gari ya buɗe a gabanka gaba ɗaya. Ga Dubai Frame can yana sheƙi. Ga World Trade Centre, tsohon dogon benen da a da shi kaɗai ne tsaye a wannan fili. Sai dogayen benaye su jeru dama da hagu, kai kana ratsawa ta tsakiyarsu a sama. Ga Gidan Tarihin Gobe, ƙaton zoben azurfa da aka zane jikinsa da rubutun Larabci, dab da layin har ka ji kamar ka miƙa hannu. Sannan Burj Khalifa, mita 828, wanda sai ka sunkuya ka karkata wuya kafin ka hango ƙarshensa ta taga. Masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi mai kauri a zaga da su a bas mai buɗaɗɗen sama don su ga abin da ni nake gani da dirhami 5, cikin sanyi.

Can gaba, bayan Mall of the Emirates da Marina, akwai tashar da sunanta yake sa ni murmushi kullum: Ibn Battuta. Mutumin Tanja ɗin nan da ya yi yawon duniya da ƙafa da raƙumi, ya zo har Takedda a ƙasar Nijar ta yau a shekarar 1353, ya kuma ambaci Gobir da Barno cikin wuraren da ake kai tagullar garin. Yau ga sunansa ana kira da lasifika a jirgin da ba direba, Bagobiri na zaune a ciki da ledar sayayya.

Maganar mata kuwa, a nan ne na ƙara jinjina musu. Akwai sashe na mata da yara zalla, an shata shi da layi mai launin hoda a ƙasa, a tasha da cikin jirgi. Namijin da ya tsallaka ya tsaya a ciki tarar dirhami 100 ce, kuma kafin ma'aikaci ya iso matan da kansu za su nuna masa layin da ido. Ba dole ba ne mace ta shiga can, tana iya zama duk inda ta so, amma zaɓin yana hannunta. Hajiyoyinmu da ke zuwa sari su kaɗai, ba miji ba ɗa, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne a gare su da waɗanda suka bari a gida. Akwai kuma sashen Gold mai kujerun fata, kuɗinsa ninki biyu. Nakan shiga in ƙafa ta gaji. Amma gaskiya daɗin jirgin yana cikin taragan kowa da kowa: lebura ɗan Bangaladash da takalmin aikinsa, ma'aikaciyar jinya daga Kerala, Bature da kwat, 'yan mata 'yan Habasha suna dariya ƙasa-ƙasa, Basudane da rawaninsa, duk sanyi ɗaya suke sha, duk minti ɗaya za su isa. Murya ta sanar da tasha ta gaba da Larabci, ta maimaita da Turanci, ta yi gargaɗin ƙofa za ta rufe. Bayan 'yan kwanaki za ka tsinci kanka kana bin ta a zuci, har da karin muryar.

Tsabta? Ba a ci, ba a sha a cikin jirgi, har cingam ba a tauna. Tarar dirhami 100. Da farko mutum zai ga tsanani ne. Sai ya dubi ƙasan taragon da dubban mutane suka taka tun asuba, ya ga ko ɓawon gyaɗa babu, ya yi shiru. Mai goro a baki ma ya haɗiye kafin ya ɗora kati.

Abin da ke ƙara mini son jirgin nan shi ne ba a lokacin daɗi aka haife shi ba. An fara aiki a 2006 ana cikin yayin kuɗi, amma kafin a gama tattalin arzikin duniya ya rushe, gine-ginen Dubai da yawa suka tsaya cak, kuɗin aikin kuma ya tashi daga dirhami biliyan 15.5 zuwa wajen biliyan 28. Masu baki suka ce wa zai bar motarsa a garin da fetur ke da araha ya shiga jirgi? Duk da haka Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum ya buɗe shi ranar 9 ga watan 9 na 2009, da ƙarfe 9 da minti 9 da daƙiƙa 9 na dare, da tashoshi 10 kacal. Koren Layi ya biyo baya ranar 9 ga Satumban 2011. A 2012 kundin Guinness ya rubuta shi a matsayin layin jirgi mara direba mafi tsawo a duniya, kimanin kilomita 75. Daga baya wasu biranen suka karɓe kambun, yanzu yana hannun Riyad, kuma ban ji haushi ba, ƙane ne ya taso. An ƙara reshe mai kilomita 15 da tashoshi 7 zuwa filin baje kolin Expo 2020, jimilla ta kai wajen kilomita 90 da tashoshi 53. Masu cewa ba wanda zai hau fa? A 2023 an yi hawa miliyan 260, a 2024 ya haura miliyan 275.

Na san abin da masu suka za su ce, don abokaina suna jera mini shi kullum a kan shayi. Za su ce cunkoso. Gaskiya ne, da safe da kuma bayan tashi daga aiki Union da BurJuman da Business Bay suna cika maƙil, har akan tsayar da mutane a layi kafin su sauka bakin jirgi. To amma wa yake cika gidan abincin da ba daɗi? Ɗan kasuwa kuma shi ke da lokacinsa: ya fita bayan ƙarfe goma, ya samu kujera har da ta ajiye leda. Za su ce sunayen tashoshi suna canzawa saboda ana sayar wa kamfanoni: Rashidiya ta koma Centrepoint, Al Fahidi ta koma Sharaf DG. Wannan kam yana rikita wanda ya kwana biyu bai zo ba, amma kowace tasha tana da lambarta, lambar kuwa ba ta canzawa. Za su ce ranar Lahadi ba ya fara aiki sai ƙarfe 8 na safe, alhali sauran ranaku tun 5 na asuba. Mai jirgin sama da sassafen Lahadi sai ya nemi tasi, shi ke nan. Za su kawo ruwan 16 ga Afrilun 2024, wanda ba a taɓa auna irinsa a ƙasar ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1949, har tashoshi huɗu na Jan Layi suka yi fiye da wata guda a rufe. Haka aka yi. A wannan ranar filin jirgin sama ma ya zama tafki, motoci na iyo a titi. Ba a hukunta gwani da ranar ambaliya.

Ƙorafi ɗaya ne nake karɓa hannu biyu, shi ne jirgin bai kai ko'ina ba tukuna. Ga ɗan sari, babban giɓin Dragon Mart ne, ƙatuwar kasuwar kayan Sin da ke International City; har yanzu sai ka sauka ka nemi bas ko tasi. To, wannan ma an ɗauko maganinsa. An amince da Shuɗin Layi a Nuwamban 2023, kilomita 30 da tashoshi 14, zai taso daga Creek da Centrepoint ya bi ta Mirdif da International City har Silicon Oasis da Academic City. Ranar da aka sa za a buɗe shi 9 ga watan 9 na 2029, cikar jirgin shekara 20. Mutanen da suka saba kawo mini jirgi a kan minti, ba ni da dalilin shakkar za su kawo layi a kan rana. In Allah ya kai mu da rai da lafiya, ku neme ni a gaba, jikin gilashi, da katina na azurfa, zan je Dragon Mart sayen fitilu.